Aparai Mai Gajeren Hanci

Na daɗe ina ɗinki a Tawa kafin in taɓa riƙe kyamara. Kayan amare da na masu jego nake yi, kuma hotunan kayan ne suka fara ɓata mini rai. Sai in kwashe sati ina fama da shadda, ranar biki mai hoto ya zo ya watsa wa yarinya wutar filas. Idan aka kawo hoton, fuska ta yi fari fat kamar an barbaɗa mata gari, shaddar da na sani makuba ta koma wani launi dabam. Ga shi namiji ne, ba ya shiga ɗakin mata, sai an fito da amarya tsakar gida cikin rana tana ƙanƙance ido. Na gwada da salula. A ɗakin ƙasa mai taga ɗaya, duhu kawai take ɗauko mini.

Keken ɗinki biyu gare ni. Ranar da na gaya wa yayana zan sayar da guda in sayi aparai, yadda muke ce wa kyamara a nan, sai ya ajiye kofin shayinsa.

"Ke da aparai rataye ga wuya kamar nasara? Mi mutane za su ce?"

"Za su ce ga mai hoto, Yaya."

"Keken ga shi ka ba ki abinci."

"Guda ya ishe ni. Ban taɓa taka biyu lokaci guda ba."

Ban je neman izini ba, labari na kai masa. Sati bai cika ba wata tela ta zo da amalanke ta ɗauki keken.

Kafin nan na yi wata biyu ina kallon bidiyon masu hoto a salula. Faransancina na firamare ne, rabi nake ji, rabi ya wuce ni. Abu ɗaya dai ya zauna mini: gilashin da ake ɗaurawa a gaban kyamara, wanda suke kira objektif, shi ne idonta, kuma wani ido ya fi wani gani a cikin duhu.

A kasuwa akwai wani Alhaji mai sayar da salula da rediyo, yana kuma ajiye kyamarori na hannu. Da na faɗi abin da ya kawo ni, ya miƙo mini wata ƴar ƙarama sabuwa, ruwan hoda, wadda za ta shige jakar hannu.

"Wagga ta dace da ke, Hajiya. Ki danna kawai."

Na nuna masa wata baƙa a saman kanta, fentin gefenta ya goge. Ya sauko da ita yana jan rai, tare da idanu biyu. Ɗaya dogo ne kamar kwalbar lemo, yana jawo abin da ke nesa. Ɗayan ɗan guntu ne mara nauyi, an rubuta 50 a bakinsa, ba ya jawo komai. Kuɗina sun isa kyamarar da ido ɗaya tak, in na ɗauki guntun ma har da canjin sayen katin ajiye hotuna da batir na biyu.

"In dai dole sai wagga, ɗauki dogon," in ji shi. "Shi mutane ka gani su san ƙwararre ya zo. Guntun ga, ko ganinai anka yi dariya za a yi miki."

"Alhaji, mu shiga ɗakin ajiyarka."

Ya dube ni kamar na ce ya ba ni shagon. Amma ya buɗe labule. Ciki kwalaye ne, haske kaɗan ke shigowa. Na sa ya ɗaura dogon, ya kashe filas, ya tsaya jikin kwalayen na ɗauke shi. Hoton ya fito a jagule kamar an shafa masa ruwa. Muka canza zuwa guntun. Wannan karon har furfurar gemunsa ana iya gani ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe yana kallon kansa.

"Duk da haka, dogon ya fi kwarjini," ya ce.

"Ba kwarjini na zo saye ba."

Aikina na farko sunan jaririn wata ƴar'uwata ne a Barmu, ni ce ma na ɗinka mata kayan fitar suna. Dangin mijin sun riga sun ɗauko mai hoto daga Tawa, wani mai situdiyo, sanye da falmaran mai aljihu barkatai. Yana hango abin da ke wuyana ya yi murmushi, ya ɗaga murya don maza su ji.

"Hajiya, ina sauran aparan? Yanke mai hanci anka yi?"

"Sauran shina ga ƙafafuna, su ka kai ni kusa," na ce, na wuce shi na shiga ɗakin da shi ba zai shiga ba.

A ciki ne na gane abin da bidiyo bai gaya mini ba, ko ya gaya mini ban ji ba. Ɗakin ƙarami ne, idon nan kuma wuri kaɗan yake kamawa. Mai jego da ƙawayenta shida suka jeru, kai uku kawai ke shiga. Na yi baya, na ƙara yin baya, har na bangaji jeren kwanoninta suka zubo da ƙara. Mata suka kwashe da dariya. Gumi ya jiƙa mini riga. Na tsugunna ina tsince murafu, a raina ina cewa ko mutuwa zan yi ba zan fita in ce wa mutumin nan ya ara mini nasa ba.

Na ce su fita tsakar gida mai falmaran ya yi musu hoton taro. Ni kuma na zaunar da su ɗaya bayan ɗaya kusa da ƙofa, inda haske ke faɗowa a gefen fuska.

Can ƙurya akwai kakar uban jaririn, wata tsohuwar Buzuwa daga wajen Takanamat, shunin mayafinta ya rine mata yatsu. An ce mini ko hoton katin ɗan ƙasa da kyar aka yi mata. Ta daɗe tana lura da ni, sannan ta tambaya da Hausarta kaɗan:

"Shina walƙiya?"

"Ba shi yi, Inna."

Ta miƙa hannu aka ba ta jaririn, ta matso bakin ƙofa da kanta. Ba ta dube ni ba ko sau ɗaya, shi take kallo. Na danna sau uku.

Yawancin hotunan ranar sun lalace. A wasu bango ne ya fito ras, mutum ya dushe. A wasu na yanke ɗaurin ɗankwali. Masu kyau ba su cika yatsun hannu biyu ba. Injin wankin hoto mai kyau kuwa na mai falmaran ne, don haka wurinsa na kai katin. Ya sa a ordinatar, wato kwamfuta, yana wucewa yana ƴar dariya, yana nuna mini kurakuraina da bakin biro. Da ya zo kan tsohuwar sai ya tsaya. Ya ƙara girman hoton, ya matso da kujera.

"Bar mani wanga in sa ga gilashin shago, in wanke miki sauran kyauta," ya ce. "In kina so ma ki riƙa shiga mani ɗakin mata, da sunan situdiyona."

"Wanke mani dai, in biya."

"Hajiya, ba ki iya ba tukuna. Kin ga sauran."

"Na gani. Hotunana ne, masu kyau da marasa kyau."

Na tsaya a kansa har ya wanke, ya goge su daga ordinatar, na karɓi ambulan. Daga nan ban nufi gida ba, wurin mai fenti na biya, na ce gobe ya zo ya ƙara kalma ɗaya a allon shagona, ƙarƙashin ɗinki: hoto.