Ranar Buɗe Daji

Kallamu ɗan mafarauta ne, daga wani ƙauye gabas da Maraɗi. Kafin ya kama sayen kayan gyaran babur a Guangzhou, shi ke ɗura wa mahaifinsa Maidaji albarushi duk ranar buɗe daji, lokacin da mazan gidansu ke fita farautar zabin daji da bazara. Ko da ya zama ɗan kasuwa bai taɓa bari ranar ta wuce shi ba, don idon tsohon ya fara hazo, kuma maganar Kallamu kaɗai yake ji.

A shekarar da aka yi wasannin Olamfik a ƙasar, biza ta yi wuya. Wanda ya fita ba tabbas ya dawo, ga kayansa ba a loda ba a tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Dole ya zauna.

Ranar ta faɗo Juma'a, kuma azahar ɗin Guangzhou ita ce asubahin gida. Daga bakin Masallacin Huaisheng ya kira ƙanwarsa Balki.

"Sun fita, Yaya," ta ce. "Ma'azu ya roƙi Baba ya bar bindigar, ya ƙi."

Ma'azu ƙanensu ne, mai kutsawa cikin sarƙaƙiya ba tare da ya yi gyaran murya ba. Kallamu bai ji komai a huɗuba ba. Ana sallamewa ya kira Ma'azu, ba ta shiga ba, ba rezo a dajin. Ya shiga shagon taliya, ya tasa kwano gaba har romon ya huce. Ya sake kira, ya kuma.

Sai bayan la'asar wayar ta yi ƙara. Muryar Maidaji ce, shi da ba ya son waya.

"Baba, lafiya? Ina Ma'azu?"

"Ga shi nan yana figar zabi." Tsohon ya ci gaba: "Na ga motsi a gindin sabara, na saita. Yatsana na kan kunamar bindiga sai zabon ya yi tari. Ashe ɗan'uwanka ne."

Kallamu ya dafe tebur.

"Na ba shi bindigar," in ji Maidaji. "Baɗi ni zan tsare muku ruwa a inuwa. Ka ci abinci?"

"Yanzu zan ci, Baba."

Da aka kashe wayar ya ci gaba da kallon kwanon, sai da mai shagon ta zo ta tambaye shi ko ba shi da lafiya.