Kwandastan Baba Dokas

Shekara ashirin da uku Baba Dokas ya yi yana tuƙa bas a London, amma in ka tambaye shi sana'arsa sai ya ce, "Ni makiyayi ne. Da awakin babana na fara a Pankshin, na zo nan na ci gaba da kiwon fasinja."

Da ya yi ritaya ya koma flat ɗin 'yarsa Damaris a unguwar Woolwich, zama ya ishe shi. Sai ya ji labarin wani karen kiwo, fari da baƙi, da aka sallama daga wata gona a Wales, wai tumakin gonar yake tsoro. Baba ya ɗauko shi, ya sa masa suna Kwandasta.

Tumaki yake tsoro, ban da mutane. Kwandasta ba ya son ganin kowa a ware. In Baba na falo Damaris na kicin, sai ya yi ta tura ta da hanci har ta zo ta zauna. Takalmin da aka cire a bakin ƙofa kuwa, kwashewa yake ya tara ƙarƙashin tebur, ya kwanta gadi. Injin wanki ma in yana juyawa, sai ya lafe ya zuba masa ido, kada tufafin su gudu.

Ranar da Damaris ta makara aiki garin neman takalmi ƙafa ɗaya, ta ce, "Baba, na gaji. Ran Asabar 'yan zumuntar mata na coci za su zo. In ya ba ni kunya, Litinin zan yi booking ya koma Wales."

"Haba 'yata, aikinsa yake yi."

"Wa ya ɗauke shi aikin?"

Ran Asabar Baba ya kulle kansa a ɗaki tare da karen, yana yi masa nasiha ƙasa-ƙasa. Mata tara suka yi waƙa, suka sha gwate, ƙarfe huɗu shugabarsu Mama Tina ta ce, "To, za mu gudu."

Suka sa takalma, aka buɗe ƙofa. Nan fa hira ta dawo sabuwa. A gaida yara, af, kin ji Anatu ta haihu? Sanyi na kwararowa, maƙwabcin da ya taɓa kai ƙarar surutu wajen hukumar council yana leƙowa, Damaris na murmushin dole. Minti arba'in, babu wadda ta ɗaga ƙafa.

Baba ya leƙo, ya dubi fuskar 'yarsa. Ya san ko dai a dace ko a tafi Wales. Ya saki karen, ya yi fiton da yake yi wa awaki.

Kwandasta ya fito a duƙe, ko haushi bai yi ba. Ya zaga dama, ya zaga hagu, ya dunguri jakar wannan, ya tare waccan da ta juyo za ta ƙara magana. Kafin su ankara suna tashar bas su tara cif, Baba na biye da su yana haki.

"Kai, Baba!" in ji Mama Tina tana dariya. "Karen nan ya fi fasto iya rufe taro!"

Da Baba da karen suka dawo, Damaris ta dubi agogo, ta dubi karen.

"Wata mai zuwa ma a nan za a yi taron," ta ce.

"To, booking ɗin fa?"

"An yi cancel. Amma ka gaya masa, ɗaya ƙafar takalmina nake jira har yanzu."