Tatsuzo, Wanda Ya San Mutane Ta Baya

Rubuta yadda na faɗa, Natsue, kar ki gyara min magana don kin yi makaranta.

Tatsuzo abokina ne tun muna samari. Ni shara nake yi a tashar jirgin ƙasa, shi kuma aikinsa tura mutane. Da safe in tarago ya cika har ƙofa ta ƙi rufuwa, sai ya gyara farar safar hannunsa, ya ce "a yi haƙuri", ya danna mutum ciki kamar mai cusa auduga a matashi. Shekara ashirin da shida yana wannan, har ya zama bai san fuskar kowa ba, sai baya. Ni kaina sai na juya yake gaishe ni da suna.

To, 'yarsa Sayoko ta samu miji, ɗan Hirabayashi, wani babban manajan kamfani. Aka sa ranar da iyaye za su haɗu a gidan abinci. Tatsuzo ya kasa cin shinkafarsa, yana tsoron in suka ji aikinsa su fasa.

Matarsa Fumie ta ce, "In an tambaye ka, ka ce jami'in kula da zirga-zirga ne kai. Hannuwan nan kuma ka zauna a kansu."

Ni suka ɗauka ɗan rakiya, don ina da kwat.

An yi ta rusune-rusune, an sha shayi. Tatsuzo ya kawo haddarsa ba gargada, Hirabayashi ya gyaɗa kai. Komai lafiya, sai da aka tashi tafiya. Ƙofar ɗakin ƙarama ce, Hirabayashi ya tsaya a bakinta yana laluben takalminsa, ya ba mu baya, mu shida har da matarsa da ɗansa muna jira.

Ina kallo idon Tatsuzo ya sauya. Kafin in riƙe shi ya ce "a yi haƙuri", ya sa hannu biyu ya danna surukin nasa waje.

Fumie ta runtse ido. Sayoko ta zama kamar gunki.

Hirabayashi bai juyo ba, ƙafa ɗaya ba takalmi. Can ya ce, "Jirgin bakwai da minti arba'in da biyu?"

Tatsuzo ya ce, "Tarago na huɗu, ranka ya daɗe. Kafaɗar hagu a karkace, kuma kana turjewa."

"Ba na turjewa."

"Kana turjewa. Ran Litinin ma har da shuri."

Fumie ta ce ƙasa-ƙasa, "Ka gama da mu, sai ka ƙarasa."

Sai mutumin ya juyo, ya rusuna har na ga sanƙonsa. Ya ce, "Shekara goma sha tara ban taɓa makara a ofis ba. Sauran da haushi suke turawa, kai kamar mai jera ƙwai a kwando. Na sha son in gode maka, amma a cikin tarago wuya ba ya juyuwa." Ya dubi ɗansa. "Gidan da aka san yadda ake taɓa mutum, ba a barin 'yarsa."

An yi biki da bazara. Bayan Tatsuzo ya yi ritaya, Hirabayashi ya makara sau biyu a wata guda, ya zo har gida yana ƙorafi wai sabbin masu turawa ba su da hannu.

Kin rubuta shurin? Kar ki cire shi, gaskiya ne.