Saƙon Allurar da Bai Isa Miga Ba

Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Ni na gina wa ƙungiyar makiyayanmu shafin intanet a Dutse, kuma shafin shi kaɗai ba ya iya komai sai nuna hotunan shanu. Sai na haɗa shi da wani kamfanin aika saƙon waya, ta ƙofar da masu sana'ar ke kira API. In likitan dabbobi ya sa ranar rigakafi a shafin, shafin ya sanar da kamfanin, kamfanin ya watsa saƙo zuwa wayar kowane makiyayi. Ƙofar tana da mabuɗi, wasu haruffa ne na sirri.

Baffana da ke Miga bai iya karatun boko ba, amma ya gane ƙarar saƙon. Da ya ji ta sai ya nemi mai karanta masa, ya kora shanu wurin allura.

Shugaban ƙungiyar dattijo ne, sa'an mahaifina. Wata rana ya kira ni ya ce, “Ɗana, an ce akwai mabuɗi. A ce ina shugaba, mabuɗi yana hannun ƙaramin mamba?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, wannan ba irin na ɗaki ba ne.”

Ya ce, “Ko na mene ne, kawo.”

A wurinmu ba a ja da babba, dole na ba shi. Shi kuwa ya miƙa wa surukinsa mai neman kansila, wai ai kayan jama'a ne. Surukin ya sa aka yi ta antaya wa mutane saƙon kamfen har kamfanin ya gaji da ƙorafi ya toshe ƙofar. Ba wanda ya gaya mini. Shafin yana nan tsaf, likita ya sa ranar allurar ciwon huhu, saƙo bai fita ba.

Da na gano na je na sami shugaban. Ko a jikinsa. Wai in yi haƙuri, in sake yanko wani mabuɗin, kamar wurin maƙeri za ni!

Ciwon ya shiga garken baffana da damina. Na je jaje na tarar yana zaune inda ake ɗaure karsanarsa, igiyar tana ƙasa. Bai yi mini faɗa ba. Ya zaro wayar daga aljihu ya miƙo mini ya ce, “Duba mini ita, ko ni ne ban ji ba.”