Tambayar Hindatu ta Uku

Ban taɓa mantawa da ranar Alhamis ɗin da na ƙwace abin magana daga hannun Hindatu ba. Ku sababbin malamai, ku saurara, don kada ku yi irin tawa.

Lokacin ina koyar da darasin Gwamnati a wata sakandare a ƙasar Kurfi, zaɓen shugaban ƙasa ya ƙarato. Na shirya wa 'yan aji shida muhawara irin ta 'yan takara. Ga yadda ake yi: 'yan takara su tsaya, ɗan jarida ya tambaye su a madadin jama'a, kowa a ba shi minti biyu. Sati biyu ina nanata musu abu guda: in ɗan takara ya kauce, ɗan jarida ya maimaita tambayar, ko wane ne shi.

Hindatu, 'yar Birchi, ita ta ce za ta yi aikin jaridar. Kullum da 'yar rediyon babanta take kwana take tashi, burinta ke nan ta zama 'yar jarida. Shugaban makarantarmu kuwa, don a yi nishaɗi, ya ce shi ma zai tsaya takara. Iyaye suka zo, har da jami'in ilimi daga Dutsin-Ma.

Shugaba ya yi alkawarin ruwa ga ƙasa baki ɗaya. Hindatu ta ce, "Ranka ya daɗe, famfon makarantarmu tun bara ya lalace. Yaushe za a gyara?"

Ya shiga bayanin muhimmancin ruwa ga lafiya. Ta maimaita. Ya yi dariya ya ce, "Kai, wannan yarinya!" Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba ka amsa ba. Yaushe?"

Na ga jami'in nan yana rubutu, na ga fuskar shugaba ta canza, sai na tuna ina jiran ƙarin girma. Wallahi tsoro ne, ba wani abu ba. Na tashi na fizge abin maganar, na ce a gaban kowa, har da mahaifinta, "Ke ba ki da kunya? Haka ake yi wa babba?"

Ba ta yi kuka ba. A hankali ta ce, "Malam, mi na yi? Ba haka ka ce a yi ba?"

Washegari ta koma bencin baya. Na so in ba ta haƙuri, girman kai ya hana ni, har ta gama makaranta.

Abin da na gane shi ne, yaro ba ya riƙe abin da ka rubuta a allo, abin da ya ga ka yi yake riƙewa. Duk sauran shekarar nan, in na gama darasi na ce, "Akwai mai tambaya?" ko hannu ɗaya ba ya tashi.