Allon Askin Maigidana

Har yau ina tambayar kaina: don in cece shi na goge fuskar nan, ko don tsoron bakin mata? Ban sani ba. Rubuta haka, kar ka gyara.

Maigidana aski yake yi a bakin hanyar Nima, a gindin mangwaro, shekarun da ƙasar nan ta samu mulkin kai. Wata rana wani mutumin unguwar Alajo ya biyo, mai yi wa motocin katako zane a tashar Circle, zaki ne, kifi mai kan mace ne. Ana cewa ba shi da cikakken hankali, don hira yake da fentinsa. Maigida ya yi masa aski, shi kuma ya zana masa allo: kawuna uku, kowanne da irin askinsa. Na tsakiyar Maigida ne sak, har wushiryar.

Maigida ya ce da ni, "Kin ga mijinki kuwa?"

Na ce, "Kunnuwan dai na jaki ne." Ya yi dariya har aska ta faɗi.

Shekara tara allon na rataye. Sai tari ya kwantar da Maigida. Matan gidanmu suka sa ni gaba: "Yaya, hoton nan ke shanye shi. Shi yana ramewa, na allo yana nan da kumatunsa." Wata ta ce in ja masa layi a wuya, yadda muke yi wa mutanen kalanda don su zama marasa rai. Na ɗauki gawayi, hannuna ya ƙi. Wuyan mijina? Na kasa zaune, na kasa tsaye. Sai na zuba kananzir, na dirje fuskarsa ta allon da soso har katako ya fito.

Maigida bai taɓa zama gaban mai hoto ba. Da na fita takaba na nemi mai zanen unguwa-unguwa, Alajo, Kotobabi, Circle, ƙafata har ta kumbura. Aka ce ya bi wata mota. Yanzu in na rufe ido, kawuna biyun gefe nake gani, mutanen da ba a taɓa haifa ba. Nasa ya ƙi zuwa.

Maigida bai san na goge ba. Kwana biyu bayan gogewar, da hantsi, ina ba shi koko, ya ture kofin, ya riƙe bakin zanena. Ga maganarsa ta ƙarshe a duniya. Ya ce, "Baiwar Allah, ɗauko min allon nan, in ga yadda nake da ina mutum."