Lambar Malam Tanko a Cikin Roba

Kano zuwa Jidda

Ba a kira assalatu ba muka fito, Inna tana haska mini hanya da fitilar waya har bakin mota. Umara za ni, amma ta ɗora mini saƙo: in je unguwar Ka'akiyya wajen Gwaggo Hauwa, ƙanwar mahaifinta, wadda aka haifa a Makka. Uban Gwaggo, Malam Tanko, ya bar matarsa da goyon kakana a Kano, ya bi ta Chadi da Sudan a ƙafa, ya ƙare rayuwarsa yana ga-ruwa a Makka. Abin da ya bari kawai wata lamba ce ta tagulla, irin wadda masu wannan sana'a suke ratayawa.

"An ce saɓani ya shiga tsakaninta da ɗanta kan lambar nan," in ji Inna. "Kai da ka karanta tarihi, ka duba ka faɗa musu gaskiya."

Na ce mata tarihin takarda na karanta, ban san ƙarfe ba. Ta ce in dai je.

Tun a filin jirgi na ɗaura harami, don tsoron kada mu wuce miƙati ina barci. Jirgi ya yi latti, ba mu sauka Jidda ba sai bayan la'asar.

Misfala

Direban da ya ɗauke mu ɗan Damagaram ne, Hausarsa rabi Larabci. A shingen bincike na shiga Makka na fito da takarduna duka, har da waɗanda ba a tambaya ba. Ya dube ni ta madubi.

"Malam, mayar da su. Mai yawan takarda shi ake tsayarwa."

Masaukina a unguwar Misfala ne, ɗaki na mutum huɗu a saman wani shagon darduma. Na yi ɗawafi da sa'ayi, na yi aski, na ci wake da burodin tamis a tsaye. Ba zan ɓoye ba, ko a cikin ɗawafin saƙon Inna yana raina.

Ka'akiyya

Washegari da hantsi Faisal, ɗan Gwaggo, ya zo ya ɗauke ni. Ya girme ni sosai, yana jin Hausa amma ba ta zauna a bakinsa ba. A hanya ya yi mini bayani. Wani mutum mai gidan adana kayan tarihi ya yarda zai baje lambar, a rubuta sunan Malam Tanko a ƙarƙashinta, amma sai da shaidar ɗaya daga cikin kamfanonin ƙasashen waje masu tantance tsofaffin kuɗi da lambobi. Faisal ya aika da ita ta hannun wani mai shago. Ta dawo a rufe cikin wata roba mai tauri, da rubutu a sama cewa ta asali ce.

"Ina so 'ya'yana su ga sunan kakansu a bango," ya ce. "A madarasa ana tambayarsu daga ina suka zo."

Gwaggo tana zaune a kan katifa, idonta ya kusa tafiya. Ta shafa fuskata.

"Wannan ne mijin nawa na Kano? An aiko mini ramamme."

"Ai kishi ne ya ramar da ni, Gwaggo."

Ta yi dariya kaɗan, sannan ta jawo robar daga ƙarƙashin matashi ta ɗora mini a cinya. Ta ce lambar da ta sani baƙa ce, wannan kuwa an ce mata tana walƙiya. Ta ce babanta ya yi wa lambar tsaga da wuƙa a gefe, don kada ta haɗu da ta abokan aikinsa idan sun tuɓe a bakin rijiya. Tun tana yarinya take sa farce a wannan tsagar.

"Yanzu sun sa ta a kabari na roba. Ta yaya zan san tawa ce?"

Na juya robar ta kowane ɓangare. Wani farin zobe ya riƙe lambar a ciki, ya rufe gefenta gaba ɗaya. Rubutun fuskarta ya goge tun da can. Hoton da Faisal ya ɗauka kafin ya aika duhu ne, ba ya nuna komai. Na ce a ba ni dama in ga mai shagon tukuna.

Shagon

Shagon yana cikin wani lungu a Misfala, mai shi dattijo ne mai fara'a, Faisal yana yi mana tafinta. Bai ɓoye mana komai ba, iya fahimtata. Ya ce kamfanin farko da ya kai wa ya dawo da ita, sun ce ba za su iya yanke hukunci ba. Na biyu ne ya wanke ta, ya ba ta daraja, ya rufe. Ya ce ya haɗa ta da wasu irinta a aike guda, amma kowace da ambulan ɗinta.

Na tambaya ko abu ɗaya yana iya samun hukunci biyu. Ya yi murmushi, ya ce akwai masu fasa roba su sake aikawa har sai sun sami darajar da suke so. Sannan ya jawo wani faranti cike da lambobi, ya ce wasu tsofaffi ne, wasu bara aka zuba su. Na duba, ban iya rabe su ba.

"In an yi musanya fa?" na ce.

"Kamfani yana karɓar ƙorafi, matuƙar robar ba ta fashe ba."

"Amma ba a ganin gefen sai an fasa."

Ya buɗe tafukansa. Ba na zargin mutumin nan, ba na kuma cewa kamfanin ya yi ha'inci. Mai yiwuwa sun yi aikinsu daidai. Abin da na gane shi ne, sun amsa tambayar da ba ita Gwaggo take yi ba.

Ka'akiyya kuma

Bayan azahar na zayyana musu yadda abin yake: in an bar robar, sunan Malam Tanko zai hau bango, amma Gwaggo ba za ta sake taɓa lambar ba. In an fasa, shaida ta tafi, ba kuma wanda za a kai wa kuka. Suka jira in zaɓa musu. Na kasa.

Faisal ya daɗe yana kallon uwarsa. Ya ce, "Halas, Ummi," wato shi ke nan, ya tashi ya ɗauko filaya.

Robar ta yi gardama kafin ta tsage. Gwaggo ta karɓi lambar da hannu biyu, ta bi gefenta da babban yatsa, ta zagayo, ta sake zagayowa. Ta gwada da farce. 

"Ba na jin komai," ta ce. "Ciwon sugan nan ya kashe mini yatsu. Mijina, duba mini."

Na kai ta bakin taga. Akwai tabo uku a gefen. Ɗaya ya fi zurfi, yana iya zama na wuƙa, yana iya zama faɗuwa ta yi a kan dutse. Wankin da aka yi mata ya sa duka suna haske iri ɗaya. Na so in ce ita ce. Faisal ma, ina jin, haka ya so in ce.

"Gwaggo, ban sani ba."

Ta gyaɗa kai. Ta sa aka miƙo mata tsohon zaren da lambar take rataye da shi, ta yi ta neman hudar ba ta samu ba, sai Faisal ya zura mata. Ya tattara ɓaraguzan robar a leda, ya rasa inda zai ajiye, ya fita da su.

Komawa gida

Na yi sauran kwanakina tsakanin Harami da masauki. Ranar tafiya Gwaggo ta aiko mini da dabino da turare, ta ce in gaida Inna. Jirginmu ya sauka Kano da safe, na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Faisal da bai nuna mini fushi ba ko sau ɗaya.

Inna ba ta bari na ajiye jaka ba.

"To, ita ce?"

Na ce tana wuyan Gwaggo. Ta dube ni, tana jiran sauran. Ba ni da saura.